Kuskuren da Dauda Ya Ƙwace Mini

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da muka kai Farfesa Dauda makwancinsa a nan Potiskum. Na ƙirga su da kyau, domin ɗalibansa da suka buga ta'aziyyar tunawa da shi a bara sun rubuta shekara tara, alhali goma ce a lokacin, kuma babu wanda ya gyara musu. Ni da muka tashi tare ban taɓa rubuta masa ko layi ɗaya a jarida ba. Mutane sun ɗauka nauyin rashin ne ya ɗaure mini hannu. Kishi ne ya ɗaure shi. Na kai shekarun da mutum ya daina jin kunyar likita, saboda haka ban ga dalilin ci gaba da jin kunyar mai karatu ba.

Tun rasuwarsa akwai wani littafi mai baƙin bango a akwatina. A sashen ilimin sinadarai na jami'ar da muka yi aiki ana kiransa Littafin Kurakurai. Kowace shekara sai an aiko ana roƙona in mayar da shi, ni kuma ina hanawa. Dalilina shi ne akwai ƙarya a shafinsa na farko, da rubutun Dauda, a ƙarƙashinta kuma akwai sa hannuna a matsayin shaida.

A makarantar mishan muka haɗu. Shi ɗan wani Bakano ne mai sayar da yadi a unguwar Bolewa, ni kuma ɗan manomi ne daga Ngojin, Hausar ma a aji da kasuwa na koye ta. Malaman da suka koyar da mu ba su yarda da abin goge rubutu ba, ba su yarda a yage shafi ba. In ka yi kuskure, ka ɗora rula, ka ja layi ɗaya tak a kansa yadda kowa zai iya karanta abin da ka soke, ka rubuta daidai a sama, ka sa hannu a gefe. Littafin Dauda kullum kamar gonar da aka yi wa huɗa yake saboda yawan layi. Nawa kuwa fes. Ni nake zuwa na ɗaya, shi na biyar ko na shida. Doka ɗaya aka koya mana. Ni na fahimci cewa kada mutum ya yi kuskure, shi kuma ya fahimci cewa kada mutum ya ɓoye shi, kuma na daɗe ina ganin tawa fahimtar ce ta masu hankali.

Tare muka yi karatun sinadarai, tare aka ɗauke mu koyarwa. Shi ya zama farfesa, ni na yi ritaya ina babban malami. Yakan aika da bincikensa a buga da zarar ya gamsu, ni kuwa nakan riƙe nawa shekara biyu saboda lamba ɗaya da ba ta kwanta mini ba. Abin da nake taƙama da shi a sashen shi ne mabuɗin ɗakin ajiyar sinadarai, da kuma haɗa ruwan ma'auni. Wannan ruwa ne da ake haɗawa da ƙarfi sananne, a riƙa ɗiga shi cikin abin da ake gwadawa har launi ya sauya. Idan ƙarfinsa ya saɓa da abin da aka rubuta a jikin kwalba, duk lissafin da aka gina a kansa ya rushe. Ni nake haɗawa, ni nake rubuta takardar da ake mannawa. Ɗalibai suna kirana Jan Biro a bayan idona, kuma ba su sake gwada kwalbar da ke ɗauke da rubutuna. Ina sane da haka, ina kuma jin daɗinsa.

Sababbin ɗaliban digiri na biyu suna zuwa mana ne da kai cike da littafi da hannun da bai saba da aiki ba. Wani ya gama digirin farko bai taɓa ɗaga murfin sikeli da kansa ba. Wani sai ya yi wata uku bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Ni tsarina shi ne in ba ɗalibi aiki, in mayar masa da shi da jar tawada har ya gyaru ko ya gudu. Dauda ya ƙirƙiro nasa. Duk sabon da ya zo sai ya haɗa shi da wani da ya riga shi, ya ce ga yayanka, in ka fasa kwalba shi za ka fara gaya wa. Kowace Laraba bayan la'asar kuma a zauna a ƙarƙashin darbejiyar da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje, wanda ya fi kowa sabunta shi ke jagorantar zaman. Shi ke ba da izinin magana, shi ke katse wanda ya zarce minti uku. Na sha ganin farfesa da furfurarsa ya ɗaga hannu yana jiran wanda ya zo shekaranjiya ya kira shi.

Na ce masa, "Bakano, jami'a muke ko gidan renon yara?"

Ya ce, "Malam Bulus, wanda bai taɓa ce wa farfesa lokacinsa ya ƙare ba, yaushe zai iya kallon shugaban ma'aikatarsa ya ce masa ruwan nan ba ya shawuwa?"

Na dai ci gaba da zuwa zaman, ina zama a gefe da agogona.

A cikin ɗaliban wata shekara akwai Hajara, 'yar Gadaka. Mahaifinta mai haƙar rijiya ne. Bincikenta a kan ruwan rijiyoyin garinsu ne, me ya sa waɗansu suke da zartsi har sabulu ba ya kumfa a cikinsu, kuma yaya abin yake sauyawa tsakanin damina da rani. Tsohon da kansa yake zura mata kwalabe cikin rijiyoyin, domin ya san kowace da zurfinta da shekarar da aka haƙa ta. Ni na haɗa mata ruwan ma'auninta a tsakiyar damina. Farin garin da ake aunawa a haɗa shi yana shan danshin iska, saboda haka ƙa'ida ce a busar da shi a murhun lantarki awa biyu kafin a ɗora a sikeli, a kuma sa hannu a rajistar murhun. Ni na rubuta wannan ƙa'ida, ni na manna ta a bango. Ranar babu wuta. Na girgiza kwalbar garin, na ga yana zuba ba tare da curewa ba, na ce idona ya isa. Na auna, na haɗa, na rubuta takarda da rubutuna mai kyau.

Hajara ta yi awon damina gaba ɗaya da wannan ruwa har ya ƙare, aka wanke kwalbar. Da rani ya shigo na haɗa sabo bisa ƙa'ida. Ta sake gwada ragowar ruwan wata rijiya da ta adana, lamba ta ƙi haɗuwa da ta baya. Ta maimaita sau bakwai. Tsohon ruwan ya ƙare, babu hanyar sanin girman saɓanin, don haka babu gyara sai a jira wata daminar. Shekara guda ta tafi.

Dauda ya shigo ofishina da rajistar murhu a hannu, ya rufe ƙofa. Ya buɗe shafin watan, ya ajiye a gabana. Ya ce, "Babu sa hannunka a ranar." Na ce na gani. Ya ce, "Laraba za ka faɗa?" Na ci gaba da duba takardun da ke gabana har ya gaji ya fita.

Ranar Laraba ya zo da sabon littafi mai baƙin bango. Ya ɗaga hannu, aka ba shi izini, ya miƙe ya ce shi ne ya miƙa wa Malam Bulus garin, ya ce masa ya riga ya busar da shi, alhali bai busar ba. Ya juya ya ba Hajara haƙuri a gaban ɗalibai ashirin da wani abu. Ya zauna ya rubuta abin da ya faɗa a shafin farko, ya ce daga yau duk wanda ya yi kuskure a mako, malami ko ɗalibi, ya faɗa a nan ya rubuta, domin na baya kada ya maimaita. Sannan ya miƙo mini littafin, tun da ƙa'idarmu ce duk abin da aka rubuta a littafin gwaji sai da shaida. Idanu suna kaina. Na sa hannu.

Bayan an watse na tare shi a bakin motarsa. Na ce, "Wa ya aike ka?"

Ya ce, "Kwana shida ka yi ba ka ce uffan ba. Yarinyar nan hannunta take zargi. Jiya ta ce mini za ta koma gida, wai ba ta da kan awo. Dole wani ya ɗauka, kai kuma wuyanka ba ya lanƙwasuwa."

"Ai ƙarya ka yi."

"Na yi. Rula kuma tana wurinka."

A nan ne mai karatu zai sa ran in ce na gode masa. Ban gode ba, kuma gaskiya nake son rubutawa. Abin da na gani shi ne daga wannan Larabar Dauda ya tashi daga malamin da ake so ya zama malamin da ake ba da labarinsa. Farfesan da ya miƙe ya ba ɗalibarsa haƙuri. Har ya shiga mota ya je Gadaka, ya zauna a zauren mai haƙar rijiya ya nemi gafara, ya dawo da ƙwaryar gyaɗa. Ɗalibai daga wasu jami'o'i suka fara neman zuwa wurinmu saboda shi. Ni na shekara talatin ina tsare ƙa'ida ban samu wanda ya zo gidana gaisuwa ba sai wanda bincikensa ke kan teburina. Kuskure ɗaya na yi a aikina, shi ma Dauda ya ɗauke shi ya gina suna da shi. Nakan zauna in tambayi kaina ko don ni ya yi, ko don yarinyar, ko kuwa ɗan kasuwar da ke jininsa ne ya hango abin da ni ban hango ba. Na san wannan tunani ba shi da kyau. Na kai shi coci sau da yawa, na dawo da shi gida.

Hajara ta jira damina ta sake awonta. Mahaifinta ya zura mata kwalabe na wata biyu, ciwo ya kwantar da shi, ya rasu kafin kaka. Bai ga ranar da ta sa rigar kammala karatu ba. Da na busar da garin nan awa biyu, da ya gani.

Dauda ya rayu shekara goma sha biyu bayan haka, bai ƙara tayar mini da maganar ba. Bayan sadakar bakwai matarsa, Hajiya, ta aiko mini da littafin a naɗe cikin ɗankwali, da saƙon da ya bari: a ba Bulus, shi ne ya iya gyara. Na ɗauki saƙon a matsayin tsokanarsa ta ƙarshe, na kulle littafin a akwati.

Yau Hajara dakta ce, ita ke kula da ɗaliban manyan digiri a sashen. Zaman darbejiya ya zama shiri na mako guda da ake yi wa sababbin ɗalibai a ɗaki mai fanka da majigi, da sunan Dauda a jikin ƙyalle. Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya leƙo. Na tabbata zai yi dariyar takardar shaidar jagoranci da ake raba musu bayan kwana biyar, shi da yake ganin jagoranci ana koyonsa ne a ranar da ka katse wanda ya girme ka muryarka tana rawa. Zai ji daɗin ganin mata sun kusa rabin aji, da ganin har yanzu kowane sabo yana da yayansa. Zauren da suka buɗe a waya, inda ɗalibi ke tambaya a amsa masa nan take, na san zai shige shi ya dame su da barkwanci. Amma akwai abin da ba zai yi masa daɗi ba. An nuna mini irin kurakuran da suke faɗa yanzu: na manta safar hannu, na makara minti goma. Kurakurai ne wankakku, irin waɗanda ba su zubar da mutuncin kowa. Ga kuma injinan zamani da ke fitar da lamba mai tsawo a fuskar kwamfuta, ɗalibi ya kwafe ba tare da ya tambayi wanda ya daidaita injin ba. Nakan ga injin nan in tuna da rubutuna a jikin kwalba.

Watan jiya Hajara ta biyo ta gidana a Ngojin a hanyarta ta zuwa Gadaka. Na nuna mata kujera, ta zauna a tabarma kamar yadda ta saba. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, bana ban zo roƙon littafi ba, na gaji. Kai nake so. Ka zo ka gaya wa yaran nan yadda mutum yake shekara talatin a ɗakin gwaji bai yi kuskure ba. Farfesa ya koya mana faɗin kuskure, amma gara a ce ba a yi ba tun farko."

Na tashi na shiga ɗaki, na ɗauko littafin, na buɗe mata shafin farko. Na ce, "Dauda bai taɓa garin nan ba. Ni na auna shi da danshinsa. Ya sani, ni ma na sani lokacin da nake sa wannan hannun."

Ta daɗe tana kallon shafin. Ruwan da aka kawo mata yana gefe, ba ta ƙara taɓa shi ba. Can ta ce, "Mahaifina ya yafe wa Farfesa a zaurenmu, ina bayan ƙofa ina ji. Har ya ce masa shi ma ya taɓa haƙa rijiya gaba goma a inda babu ruwa. Ban san yadda ake ɗauke yafiya daga kan wani a mayar kan wani ba, Baba."

Na ce ni ma ban sani ba. A raina kuwa, Allah ya gani, abin da ya fara zuwa shi ne har wannan ma Dauda ya riga ni karɓa.

Ta miƙe ta gyara mayafinta. Ta ce, "Tawa yafiyar ba zan ba ka yau ba. Ka zo Laraba da littafin. Kuma hannu za ka ɗaga kamar kowa."

Na je. Wadda ta jagoranci zaman wata ɗaliba ce mai suna Falmata, kwananta uku a sashen. Na ɗaga hannu tun farko, ta tsallake ni ta kira mutum biyu da suka riga ni. Da ta zo kaina ta ce, "Baba, minti uku ne, don Allah." Na karanta abin da Dauda ya rubuta, na faɗi abin da ya faru. Na fitar da rular katako da nake da ita tun makarantar mishan, na ja layi ɗaya a kan rubutunsa da jar tawada, na rubuta daidai a sama, na sa hannu a gefe. Ban gama bayanin yadda danshi ke shiga gari ba Falmata ta ce lokacina ya ƙare. Na tsaya a nan. Na tambayi wa zai yi shaida. Hajara ta taso daga bayan ɗaki, ta karɓi biron, ta karanta gyaran daga farko har ƙarshe, ta sa hannu, ta koma wurinta ba ta dube ni ba.

Sai wani ɗalibi daga tsakiya ya ce, "Ashe Farfesa ya wuce yadda ake faɗa. Allah ya jiƙansa." Kowa ya ce amin. Na je in karɓo kuskurena, na dawo na ƙara masa daraja a kan wadda yake da ita. Da can mutumin da ya amsa laifinsa ne. Yanzu ya zama mutumin da ya ɗauki na abokinsa ya tafi da shi kabari. Ina jin da yana nan da ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Bulus, ko a nan ma na biyar ya wuce na ɗaya."

Wanda aka ba izinin magana bayana wani ɗalibin digiri na uku ne. Ya miƙe ya ce akwai lamba biyu a babi na huɗu na bincikensa da ya cire saboda sun ƙi bin sauran, bai gaya wa kowa ba. Wannan ba wankakken kuskure ba ne. Na ga Hajara ta rubuta wani abu a takardarta, ta ce masa ya same ta da safe shi da yayarsa.

In aka ce in auna abin da ya rage na Dauda, zan auna shi da gaskiya kamar yadda aka koya mini. Takardun bincikensa zamani ya wuce yawancinsu, biyu daga ciki ma na ga kuskure a lissafinsu tun yana raye. Darbejiyar an sare ta an yi wurin ajiye motoci. Abin da bai gushe ba shi ne sabon ɗalibi a sashen nan ba ya kwana bakwai bai san wanda zai kai wa kuka ba, kuma yarinya mai kwana uku tana iya katse tsoho irina. Akwai kuma wata doka a bangon ɗakin gwaji, cewa kada a yi aiki da ruwan ma'auni sai hannu na biyu ya sake gwada shi, ko rubutun wane ne a jikin kwalbar. Dokar Farfesa suke kiranta. Daga rubutuna ta fito, amma ban nemi a sauya mata suna ba, ko da yake na yi tunanin hakan a mota har muka iso Potiskum.

Kishin bai tafi ba. Ya dai ragu da nauyin littafi ɗaya, domin na bar musu shi a kan teburin Falmata. Hajara ba ta kira ni ba tukuna, kuma ba ni da hurumin ƙirga mata kwanaki. Allah ya yi wa Dauda rahama, ya kai haske kabarinsa, ya kuma jiƙan mai haƙar rijiyar Gadaka da ya yafe wa wanda bai yi masa laifi ba.

Shafin farko yanzu daidai yake. Gyaran ya ɗauke ni shekara ashirin da uku, amma na duba sau uku kafin in rufe littafin, layin bai karkace ba.